Reiji Okazaki: Yaron Hiroshima da ya gano yadda DNA ke kwafar kansa guntu-guntu

Wani ɗalibina ne ya sa na zauna na rubuta wannan tarihi. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Accra. Ranar da na rubuta sunan Okazaki a kan allo, sai wani yaro da babansa ke da shago a Abossey Okai ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ko shi ma wannan kamfanin babur ne irin su Kawasaki da Suzuki. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara. Amma da na koma gida sai kunya ta kama ni, domin na yi shekaru ina koyar da guntayen Okazaki kamar yadda na haddace su a jami'a, ban taɓa tsayawa na bincika wane ne mai sunan ba.

Kuma in an duba, yaron bai yi nisa da gaskiya ba. Ni ma a Abossey Okai na tashi, a shagon kawuna mai sayar da kayan gyaran mota. Injuna da ƙofofi da fitilun da muke saukewa daga kwantenar da ta taso daga Tema, da yawansu na Toyota ne. Hedikwatar Toyota kuwa tana kusa da birnin Nagoya, wanda tasharsa ta jiragen ruwa ta fi kowace tasha a Japan fitar da motoci. A wannan birni na Nagoya Reiji Okazaki ya yi jami'a, ya yi aure, ya yi aikin da ya sa sunansa ya shiga kowane littafin ilimin halittu na duniya.

Baƙin ruwan sama

An haifi Reiji Okazaki a Hiroshima ranar 8 ga Oktoba, 1930. Yana ɗan shekara 14, yana aji biyu a makarantar midil, Amurka ta jefa wa garinsu bam ɗin nukiliya da safiyar 6 ga Agusta, 1945. Kafin ƙarshen wannan shekara an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu. Shi wuta ba ta ci shi ba, gini bai danne shi ba. Sai dai bayan fashewar an yi wani ruwan sama baƙi, mai haɗe da toka da burbushin nukiliya, kuma wannan ruwa ya taɓa shi. A lokacin mutanen gari ba su san abin da ke cikin ruwan ba. Yaron ya tashi lafiyarsa ƙalau, ya ci gaba da karatu kamar sauran tsararrakinsa da suka tsira.

Ya shiga Jami'ar Nagoya, sashen ilimin halittu, ya gama a 1953. Ita kanta Nagoya ta sha ruwan bama-bamai a yaƙin, gine-ginen jami'ar da dama sun ƙone, kuma ƙasar tana cikin talauci. Ɗakunan bincike ba su da kuɗi, ba su da kayan aiki na kirki. A ƙarƙashin malaminsa Tsuneo Yamada ya fara nazarin yadda ƙwai ke zama ɗan tayi. A nan ya haɗu da wata ɗaliba mai suna Tsuneko Hara, wadda ya girma da kusan shekara uku. Suka yi aure a 1956, kuma daga ranar har mutuwarsa tare suke aiki a ɗaki ɗaya, kan tambaya ɗaya.

Aikinsu na farko a kan ƙwan kwaɗi ne da ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, suna neman tubalan da jiki ke gina DNA da su. A cikin wannan nema suka ci karo da wani sinadari da ba a sani ba a da, wani tubali mai ɗauke da sukari. Wannan ne ya buɗe musu ƙofar Amurka. A 1960 suka tafi Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis wurin Jack Strominger, daga nan suka wuce Jami'ar Stanford wurin Arthur Kornberg. Shi Kornberg shi ne ya gano sinadarin da ke kwafar DNA a 1956, aka ba shi kyautar Nobel a 1959. Wurinsa Okazaki ya ƙware a aikin tace sinadari ɗaya daga cikin dubbai har ya fito tsaf. A 1963 suka tattara suka koma Nagoya.

Kullin da ya gagari manya

Kafin mu ci gaba, bari na yi wa mai karatu bayanin matsalar da suka koma gida da ita, don in ba a gane ta ba, ba za a ga girman aikin ba.

Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai DNA, wato kundin da ke ɗauke da gadon halittar. Siffarsa kamar igiya ce mai zare biyu da aka murɗe. Kowane zare jerin haruffa huɗu ne, A da T da G da C. A kullum tana fuskantar T a ɗaya zaren, G kuma tana fuskantar C. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a 1953, shekarar da Okazaki ya gama jami'a. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, dole ta warware igiyar, ta yi wa kowane zare sabon abokin zama, don kowace 'ya ta samu cikakken kundi.

Masu wannan aiki su ne sinadaran da ake kira enzayim, ƙananan ma'aikata da aka ƙera da furotin, kowanne da aikinsa guda. Wanda ke jera sababbin haruffa sunansa folimares. To ga inda gizo ke saƙar. Zaren nan biyu ba fuska ɗaya suke kallo ba. Kwance suke kai da ƙafa, kamar yara biyu da aka kwantar a tabarma ɗaya, kan wannan a wajen ƙafar wancan. Shi kuma folimares hanya ɗaya tak ya iya bi, kamar almajirin da ke rubutu a allo daga dama zuwa hagu, ba ya juyawa. A 1963 wani masani mai suna John Cairns ya ɗauki hoton DNA na bakteriya ana cikin kwafarsa, aka ga igiyar tana buɗewa kamar zik ɗin riga, kuma zaren biyu duka ana kwafarsu a lokaci guda, suna bin bakin zik ɗin. Zare ɗaya babu matsala, domin hanyar rubutunsa ta dace da inda zik ke tafiya. Ɗayan fa? Hanyar rubutunsa baya take kallo. Wasu suka ce tilas akwai wani folimares mai rubutu a juye. Aka nema, aka nema, ba a same shi ba.

Tunanin da Okazaki da matarsa suka bi shi ne, wataƙila ma'aikacin zare na biyu ba ya bin zik ɗin a miƙe. Idan zik ya buɗe ɗan wuri, sai ya fara daga bakin buɗewar ya rubuto baya har ya cike wurin. Kafin ya gama, zik ya ƙara buɗewa, sai ya koma sabon bakin ya sake rubutowa har ya tarar da rubutun farko. Daga baya wani ma'aikaci ya zo ya ɗinke guntayen. Daga nesa sai ka ga kamar zaren gaba yake tafiya, alhali kowane guntu baya aka rubuta shi.

Faɗa da baki ba wuya. Wuyar ita ce a kama guntayen kafin a ɗinke su, domin bakteriyar da ake kira E. coli tana jera haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Dabarar da suka yi ita ce, suka sanyaya bakteriyar zuwa digiri 20 don aikin ya rage gudu, suka ba ta harafin T mai ɗauke da alamar nukiliya na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, sannan suka juye ta cikin ruwan ƙanƙara mai guba don komai ya tsaya cak. Suka raba zaren da sinadari, suka zuba a kan ruwan sukari a cikin kwalba, suka sa a na'ura mai juyawa da gudun gaske. Dogon zare yana nutsawa ƙasa, gajere yana tsayawa a sama, kamar yadda tsaki ke rabuwa da gari. Da suka auna, sai ga alamar nukiliyar a cikin gajerun guntaye masu haruffa 1,000 zuwa 2,000. In kuma suka bar bakteriyar ta ƙara 'yan mintoci, sai alamar ta koma cikin dogon zare. Ke nan da guntu aka fara, daga baya aka haɗa.

A 1967 wasu ɗakunan bincike a Amurka suka gano enzayim mai ɗinke DNA, wanda ake kira laiges. Nan da nan mutanen Nagoya suka samo wani bairos mai cin bakteriya, T4, irin wanda laiges ɗinsa ke daina aiki in zafi ya ƙaru. Da suka ɗaga zafin, ɗinki ya tsaya, guntaye suka taru jingim. A 1968 suka wallafa sakamakon, da sunan Reiji da Tsuneko da abokan aikinsu Kiwako Sakabe da Kazunori Sugimoto da wani ɗalibi mai suna Akio Sugino. Ku riƙe sunan ɗalibin nan, za mu dawo kansa. A wannan shekarar Okazaki ya gabatar da aikin a babban taron masana na Cold Spring Harbor a Amurka, inda Rollin Hotchkiss, wanda ya yi jawabin rufe taro, ya raɗa wa guntayen sunan Okazaki. A lokacin yana da shekara 37, kuma shekara ɗaya ke nan da zamansa farfesa. A 1970 aka ba shi kyautar Asahi, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan Japan.

Ciwon da ya jira shekara talatin

Saura tambaya ɗaya babba. Folimares ba ya iya fara rubutu a kan wofi, sai dai ya ɗora a kan wani abu da aka riga aka aza. To wa ke aza wa kowane guntu harsashinsa? A 1972 Sugino da Okazaki suka kawo shaidar cewa kowane guntu yana farawa da ɗan gajeren RNA, wato ɗan uwan DNA, wanda ake cirewa daga baya. Masana da yawa ba su gamsu ba, domin harsashin ƙarami ne ƙwarai, kuma hanyar aunawa a lokacin tana da rauni.

Ana cikin wannan ja-in-ja ciwo ya bayyana. Likitoci suka tabbatar masa da sankarar jini, irin wadda ke cin mutum a hankali, kuma cuta ce da ta yawaita a tsakanin waɗanda suka tsira daga Hiroshima. Tururin nukiliya yana karya DNA, in kuma jiki ya ɗinke karayar ba daidai ba, sai ƙwayar ta fara haihuwa ba ƙaƙƙautawa. A 1973 wata likita a Chicago, Janet Rowley, ta nuna cewa a irin wannan sankara wasu ƙunshin DNA biyu ne, na 9 da na 22, suke musayar guntaye. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan yadda ake ɗinke DNA daidai, ɗinkin da bai yi daidai ba ne ya kwantar da shi. Bai bar aiki ba. Ya ci gaba da zuwa ɗakin bincike, har a shekararsa ta ƙarshe ya yi tafiya zuwa taron masana a ƙetare. Ya mutu ranar 1 ga Agusta, 1975, yana da shekara 44, saura kwana biyar a cika shekara 30 da jefa bam ɗin. Maganin da ya mayar da wannan ciwo abin da ake rayuwa da shi, imatinib, bai fito ba sai 2001.

Ya bar Tsuneko tana da shekara 42, da 'ya'ya biyu, da ɗalibai, da aikin da ba a gama ba. Ba a daɗe ba kuma sai ga wata sabuwar suka daga Amurka. An gano cewa wani lokaci ƙwaya tana saka harafin da bai dace ba a sabon zare, sai masu gyara su yanke wurin, wannan yanka kuma yana haifar da guntaye masu kama da na Okazaki. Wasu suka fara cewa ko duk abin da Nagoya ta gani ke nan. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin ita ta bayyana dalilin da ya sa a gwajin farko aka ga kamar zaren biyu duka guntu-guntu ake yin su. Mutane sun ba Tsuneko shawarar ta haƙura ta rungumi tarbiyyar yara. Kornberg ya aiko mata da wasiƙa yana ƙarfafa mata gwiwa ta ci gaba. Ta ci gaba. Ita da ɗalibanta suka ƙirƙiro hanyoyin aunawa masu kaifi, har suka ware harsashin RNA ɗin, suka ƙirga haruffansa, suka nuna inda yake haɗuwa da DNA. Daga nan gardama ta mutu. A 1983 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesa a Jami'ar Nagoya. A 2000 ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya, a 2021 kuma Japan ta ba ta lambar girmamawa mafi daraja da take bai wa masana da masu fasaha.

Daga bakteriya zuwa yis ɗin fanke

Aikin Okazaki na guntayen DNA a kan bakteriya ya yi shi. Amma bakteriya halitta ce mai sauƙi, DNA ɗinta ba ya cikin ɗaki na musamman kamar namu. Don a san ko haka abin yake a jikin mutum, sai da aka nemi wata halitta mai saurin haihuwa, mai arha, wadda tsarinta ya yi kama da namu. Aka same ta a inda kowace uwa a Nima da Mamobi da Sabon Zango ta sani, wato yis.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, fanke take soyawa. Da dare take kwaɓa fulawa da sukari da ɗan yis, ta rufe, kafin asuba kwaɓin ya kumbura ya cika roba. Ina yaro na ɗauka yis wani gari ne kamar kanwa. Ashe rayayyen abu ne, ƙwaya ɗaya tak, dangin naman kaza. In ya samu sukari da ɗumi yakan tsiro da 'ya a gefensa, kuma cikin kamar minti 90 ɗaya ya zama biyu. Ita kanta kalmar enzayim daga Girkanci aka samo ta a shekarun 1870, ma'anarta abin da ke cikin yis. A 1996 aka gama karanta DNA ɗin yis gaba ɗaya: haruffa kusan miliyan 12, a ƙunshi 16, da umarnin gado kusan 6,000.

A 1978 Leland Johnston da Kim Nasmyth suka nuna cewa wani yis mai naƙasa a umarnin da ake kira CDC9 ba ya iya ɗinki, kuma guntayen Okazaki suna taruwa a cikinsa, daidai da abin da aka gani a Nagoya shekara goma kafin nan. Shi kuma Akio Sugino, ɗalibin nan da na ce ku riƙe sunansa, ya koma nazarin yis a Amurka. A 1990 shi da abokan aikinsa, ciki har da Hiroyuki Araki, suka nuna cewa yis yana da folimares na uku wanda ba ya rayuwa sai da shi, wanda yanzu ake kira ifsilon.

Ga yadda aikin ke tafiya a cikin yis, kamar yadda aka sani a yau. Tun da DNA ɗin yana da tsawo, kuma ma'aikatansa ba su kai na bakteriya gudu ba, ba daga wuri ɗaya ake farawa ba, akwai ɗaruruwan mafarai. Wani gungu mai furotin shida, ORC, wanda Stephen Bell da Bruce Stillman suka gano a 1992, shi ke zama a kan mafarin ya yi masa alama. Sai a ɗora zobe mai furotin shida da ake kira Mcm. Zoben ba ya motsi sai an haɗa masa wasu sassa biyu, Cdc45 da GINS, ya zama inji mai sassa 11 wanda ke tafiya yana warware igiyar. Shi ne mai jan zik ɗin. Sunan GINS ma daga ƙirgan Japananci aka ɗauko shi, biyar da ɗaya da biyu da uku, domin ɗakin binciken Araki na cikin waɗanda suka gano shi a 2003. A gaban wannan inji akwai masu sassauta murɗewar igiya don kada ta cukurkuɗe, a bayansa kuma akwai furotin RPA mai riƙe zaren da aka buɗe don kada ya naɗe.

Sai masu rubutu uku. Folimares alfa, mai sassa huɗu, shi ke aza harsashi: haruffan RNA kamar goma, ya ƙara na DNA kamar ashirin, ya sauka. Daga nan wani ma'aikaci, RFC, ya buɗe wani zobe mai sassa uku da ake kira PCNA ya rataya shi a kan zaren. Wannan zobe yana zamewa a kan DNA kamar zoben labule a kan sandarsa, yana riƙe mai rubutu don kada ya faɗo. Folimares ifsilon, shi ma mai sassa huɗu, yana manne da injin warwara, yana rubuta zaren da ke tafiya a miƙe. Folimares delta, mai sassa uku a yis, shi ke rubuta zaren guntu-guntu. Wannan rabon aiki ɗakin binciken Thomas Kunkel da abokansa ne suka nuna shi a 2007 da 2008, ta hanyar sa wa kowane folimares wata naƙasa mai barin irin nata kuskure, sannan suka duba a wane zare kuskuren ya bayyana.

Idan delta ya rubuto har ya tarar da guntun da ke gabansa, sai ya ɗaga harsashin RNA ɗin kamar yadda ake ɗaga bakin tabarma. Wani enzayim mai yanka, Rad27, ya datse abin da ya ɗago, laiges Cdc9 ya ɗinke. Guntayen yis gajeru ne, kimanin haruffa 165, domin DNA ɗinsa a naɗe yake a kan wasu dunƙulen furotin kamar zare a kan ƙwarya, kuma tsawon guntu yana bin tazarar dunƙulen. Duncan Smith da Iestyn Whitehouse ne suka auna haka a 2012. Delta da ifsilon suna da wani sashe mai duba abin da suka rubuta, in harafi bai dace ba su koma baya su goge. Alfa ba shi da wannan sashe, shi ya sa ba a barin sa ya yi dogon rubutu.

Kawuna yakan faɗa wa yaran shago cewa mutum bai san inji ba sai ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya tayar ya tashi. Haka masana suka yi wa wannan injin. A 2015 ɗakin binciken John Diffley a Ingila ya tace sassa 16 na yis, masu ɗauke da furotin 42, ya zuba su a kwalba tare da DNA, kwafi ya fara ba tare da rayayyar ƙwaya ba. Shekara 40 ke nan bayan mutuwar Okazaki.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwan mutumin Zango da folimares ɗin yis. Ruwansa kuwa da yawa. Waɗannan ma'aikata, alfa da delta da ifsilon da zoben PCNA, su ne dai a jikina da jikinka, da ɗan bambanci kaɗan. DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta mutum, in an miƙe shi, ya kai kusan mita biyu, kuma duk rabuwa ɗaya sai an yi guntayen Okazaki miliyoyi an ɗinke su. A 2013 aka gano cewa wasu iyalai masu gadon sankarar hanji, naƙasar tana sashen duba kuskure na delta ko ifsilon, kuma nazarin da aka riga aka yi a yis ya taimaka wajen gane ma'anar naƙasar. Magungunan sankara da dama da ake bai wa majinyata a Korle Bu, aikinsu shi ne tsayar da kwafar DNA a ƙwayoyin da suka haukace. Gashi yakan zube ne domin su ma ƙwayoyin tushen gashi masu saurin rabuwa ne.

Lokacin korona duk mun ji sunan Noguchi, cibiyar bincike da ke Legon, wadda Japan ta gina aka buɗe a 1979 don tunawa da Hideyo Noguchi, likitan da shawara ta kashe a nan Accra a 1928. Gwajin PCR da aka riƙa yi a can, folimares ne ke yin sa a cikin kwalba, kuma shi ma ba ya farawa sai an aza masa ɗan gajeren harsashi, ƙa'idar da su Okazaki suka sha wahala a kanta a cikin rayayyar ƙwaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin nan shi ne inda aka yi aikin da waɗanda suka yi shi. Yaro ne daga garin da aka shafe, a jami'ar da ta ƙone, da matar da ta riƙa fama da neman inda za ta ajiye yara don ta shiga ɗakin bincike, har ta shiga sahun masu fafutukar a buɗe gidajen reno a Nagoya. Ina ganin yadda muke yi a unguwanninmu. Yaro mai kai, da ya gama ƙaramar sakandare sai a ce shago ya fi, yarinya kuma a ce kimiyya ta yi mata tsawo. Ban raina shago ba, shi ya biya mini kuɗin makaranta. Amma yaron da zai iya kallon tarin ƙarafa ya gane wanne ne na wace mota, kan da ke gare shi ya isa ya gane sassa 11 na injin warware DNA. Da an hana Tsuneko karatu, ko da ta bi shawarar masu cewa ta zauna a gida a 1975, da wani ne can zai ƙarasa aikin mijinta, ko kuma sukar da aka yi ta daɗe tana rufe shi.

Mako na gaba na koma aji da ƙullin yis na sidi kaɗan, da sukari, da ruwan ɗumi. Muka jiƙa, muka jira, muka ɗiga a gilashi muka duba a madubin ƙara girma ɗaya da makarantar ke da shi. Yara suka yi layi suna kallon ƙwayoyi masu 'ya'ya a gefe. Na ba su labarin Hiroshima da Nagoya, sannan na ce su raba miliyan 12 da 165 su gaya mini guntaye nawa kowace ƙwaya ta ɗinke kafin ta haifi 'yar da suke gani. Yaron nan mai tambayar babur ne ya riga kowa, ya ce sun haura dubu 70. Sai wata yarinya daga bayan aji ta tambaya me ya sa littafinmu bai ambaci cewa Okazaki mutum biyu ne ba. Na ce ta ɗauki alli ta je ta rubuta sunan Tsuneko kusa da na Reiji, ta je ta rubuta.